Dawaki Dubu, Linzami Ɗaya

A shekarar 1996 kamfanin Lotus, wanda masana'antarsa take a ƙauyen Hethel na gabashin Ingila, ya fitar da wata ƙaramar mota mai kujera biyu da ya raɗa wa suna Elise. Nauyinta kusan kilo 725 ne, injinta kuwa ƙarfin doki 118 kawai yake bayarwa, daidai da abin da ake samu a motar kai yara makaranta. Ba ta da na'urar da ke sauƙaƙa murza sitiyari, ba ta da wadda ke ƙara wa birki ƙarfi, cikinta ma yawanci tsiraren alminiyam ne. Shekara tara bayan haka, a 2005, Bugatti ya fito da Veyron daga garin Molsheim na Faransa: silinda 16, ƙarfin doki 1,001, nauyi kusan kilo 1,900, da gudun da ya kai kilomita 407 a sa'a guda.

Da alƙaluma ne alƙalai, da shari'ar ta ƙare tun ba a zauna ba. Amma har yau, idan masu gwajin motoci suna son bayyana yadda sitiyari nagari yake a hannu, Elise ta farko tana cikin waɗanda suke kafa misali da su. Wannan ba tsohon yayi ba ne ko son zuciya. Motocin da ake ƙerawa don jin daɗin tuƙi, waɗanda za a iya kira motocin sukuwa, ana tallata su da yawan dawakinsu, alhali abin da ke sa tuƙi ya yi daɗi yana wani wuri dabam: yawan abin da mota ke sanar da mai tuƙinta, da kuma yawan abin da zai iya amfani da shi daga cikin iyawarta. A duka biyun, rashin nauyi ya fi ƙarin ƙarfi amfani.

Aikin da nauyi ke ɓatawa

Abubuwa uku mota take yi: ta ƙara gudu, ta rage gudu, ta sha kwana. Ƙarfin inji a na farkon kaɗai yake taimakawa. Nauyi kuwa yana da hannu a cikin ukun, kuma a kowanne cikas yake kawowa. Colin Chapman, injiniyan da ya kafa Lotus a 1952, a kan wannan lissafi ya gina rayuwarsa. Ra'ayin da aka san shi da shi shi ne cewa ƙarin ƙarfi yana sa mota sauri a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai, rage nauyi kuwa yana sa ta sauri a ko'ina.

Dalilin yana cikin taya. Duk abin da mota za ta yi, ta hanyar wurare huɗu ne da roba ke taɓa kwalta, kowannensu bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Idan aka ƙara wa taya kaya, riƙonta ga kwalta yana ƙaruwa, sai dai ba daidai da kayan ba: a ninka nauyin da ke kanta, riƙon ba zai kai ninki biyu ba. A kwana kuma nauyin mota yana rinjaya zuwa tayoyin waje, su ɗauki fiye da rabonsu, na ciki su yi sako-sako. Gwargwadon nauyin motar, gwargwadon abin da take asara a wannan rinjaye. Haka birki: a gudun kilomita 100, kuzarin da birkin Veyron zai haɗiye ya mayar zafi ya ninka na Elise sau biyu da rabi da 'yan kai, don kawai bambancin nauyi.

Nauyi kuma haihuwa yake yi. Babban inji yana bukatar giya mai kauri da lagireto mai yawa. Veyron tana da guda goma. Waɗannan suna bukatar ƙaƙƙarfan gangar jiki, ita kuma tana bukatar manyan birki da faffaɗan tayoyi. Tayar bayan Veyron faɗinta milimita 365 ne, ta gaban Elise 185. Da zarar tayoyi sun yi faɗi kuma kaya ya yi musu yawa, hannun mutum ba zai iya murza sitiyari shi kaɗai ba, sai an sa masa mataimaki. A nan ne asarar da ta fi kowacce take aukuwa.

Abin da sitiyari ke faɗa wa hannu

Tayar gaba idan tana shan kwana, da kanta take ƙoƙarin komawa saiti, kuma wannan ƙoƙari yana hawowa ta sandar sitiyari har ya iso tafin direba. Yayin da kwanar ke tsananta, sitiyarin yana ƙara nauyi a hannu. Idan tayar ta kusa sakin kwalta, sai nauyin ya fara raguwa, kamar igiyar da aka sassauta daga can ƙarshenta. Wannan sassauci gargaɗi ne, kuma yana zuwa kafin ido ya ga komai. Ta wannan hanya ce direba ke sanin kwalta ta jiƙe, ko yashi ya hau ta, ko ya shigo kwana da gudun da ya wuce kima.

A mota mara nauyi, saƙon yana isowa yadda yake, domin babu kowa tsakanin taya da hannu. A mota mai nauyi akwai tafinta: famfon mai ko injin lantarki da ke taya murzawa. Tafinta nagari yana isar da mafi yawan zancen, amma dole ya tace, domin in ya bar duk wani bugun rami na tayar da ke ɗauke da rabin tan ya wuce, sitiyarin zai fizge hannun mai shi. A garin tace bugu ake tace labari.

Mutanen Mazda da ke Hiroshima sun fahimci wannan lokacin da suke tsara MX-5, wadda aka fara nunawa a bajekolin motoci na Shikago a watan Fabrairun 1989. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba, ƙarfinta kusan doki 115. Taken da injiniyoyin, ƙarƙashin jagorancin Toshihiko Hirai, suka riƙe shi ne wata tsohuwar magana ta Japan, jinba ittai, wadda ke nufin mahayi da doki su zama jiki ɗaya. Duk wanda ya san hawa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Dokin da ke jin linzami da ɗan motsin yatsa, mahayinsa kuma yana jin numfashinsa ta cinya, shi ne abin nema, ko da akwai ingarman da ya fi shi ƙarfi a barga. Mayaƙan da ma sun san abin da lifidi ke yi wa doki: yana kare shi daga kibiya, yana kuma hana shi saurin juyawa.

Gudun da ba a iya kaiwa gare shi

Batu na biyu shi ne na amfani. Veyron tana tashi daga tsaye ta kai kilomita 100 cikin daƙiƙa biyu da rabi. Iyakar gudu a manyan hanyoyin Birtaniya kusan kilomita 113 ce, a na Faransa 130, a na Najeriya kuwa 100 ga motar gida. Ke nan wanda ya taka totur ɗin irin wannan mota har ƙasa yana da daƙiƙa uku ko huɗu kafin ya zama mai laifi. Sauran lokacin yana lallaɓa ta ne da ɗan yatsan ƙafa, yana amfani da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da ya biya kuɗinsa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Shi kansa babban gudun tsada gare shi fiye da yadda ake zato. Ƙarfin da ake bukata don keta iska yana hauhawa da sauri ƙwarai: ninka gudu sau biyu yana bukatar ƙarfi sau takwas. Shi ya sa mafi yawan dawakin Veyron an tara su ne don yaƙi da iska a gudun da hanyoyi ƙalilan a duniya za su iya ɗauka. Kafin a kai ƙarshen gudunta sai an tsaya an murɗa wani makulli na biyu, kuma a wannan gudu tankinta mai lita 100 yana ƙarewa cikin kimanin minti 12.

MX-5 ta farko kuwa tana bukatar kusan daƙiƙa tara kafin ta kai kilomita 100. A takarda wannan abin kunya ne. A kan hanya kuwa daƙiƙa tara ne na aiki: injin ya yi ta hawa har ƙarshen numfashinsa, a taka kuloci, a sauya giya, ya sake hawa, a sake sauyawa, kuma har yanzu ba a karya doka ba. Direba ya yi amfani da motar gaba ɗayanta. A kwanar da za a sha da gudun kilomita 60, ƙaramar mota mai siraran tayoyi tana kusa da iyakarta, tana motsi, tana magana. Babbar kuwa a wannan gudu barci take yi, kuma kafin ta farka sai an kai gudun da kuskure ɗaya zai zama ajali.

Toyota ta ɗauki wannan tunani da gaske a 2012 lokacin da ta fitar da motarta mai suna 86, mai ƙarfin doki kusan 200. Da gangan aka sa mata tayoyi irin waɗanda ake sa wa Prius, motar da aka sani da tsimin mai, domin riƙonsu ya kasance matsakaici, direba ya iya jin iyakar motar a gudun da bai kai na halaka ba. Kamfani ya rage wa motarsa iyawa don ya ƙara wa mai ita jin daɗi, kuma masu gwaji da dama suka yaba.

Hujjar masu ƙarfi

Kowane allazi da nasa amanu, kuma ɓangaren ƙarfi yana da hujjoji da bai kamata a raina ba. Na farko, ƙarfi daɗi ne na kansa. Yadda babban inji ke manna bayan mutum da kujera, da rurin da Dodge Challenger Hellcat mai doki 707 ke yi, abu ne da jiki ke amsawa ba tare da neman izinin hankali ba. Wanda wannan ne burinsa, ƙaramar mota ba za ta biya masa bukata ba, kuma ba a ce ya yi kuskure ba.

Na biyu, ƙarfi yana da amfani na zahiri. A hanya mai layi ɗaya, wanda zai wuce doguwar tirela yana son ya gama da layin masu zuwa da wuri, kuma ƙarfi ne ke gajarta wannan lokaci mai haɗari. A doguwar tafiya ma, mota mai nauyi ta fi natsuwa, ta fi shiru, iska ba ta kaɗa ta. Wanda ya yi sa'a biyar a cikin Elise zai sauko da kunne yana ƙara da baya yana ciwo.

Na uku, agogo ba ya ƙarya. Nissan GT-R ta 2007 ta haura kilo 1,700, amma da tayoyi huɗu masu ja da kwamfutar da ke raba musu ƙarfi, ta kunyata motoci da yawa da suka fi ta sauƙin nauyi a filin tsere. Fasahar zamani tana iya ɓoye nauyi har agogo ya kasa ganinsa.

Na huɗu shi ne mafi nauyi a zuciya. Idan motoci biyu suka yi karo gaba da gaba, wadda ta fi sauƙi ita ce gudunta ke canjawa da ƙarfi, mutanen cikinta kuma su ne ke shan mafi yawan bugun. Neman rage nauyi ma, idan ya wuce gona da iri, yana da tarihinsa mai ɗaci. A 1969, bayan fiffiken motarsa ya karye a tseren Sifaniya ya yi mummunan haɗari, direban Lotus Jochen Rindt ya rubuta wa Chapman wasiƙa yana roƙon a ƙara wa sassa masu rauni ɗan kauri ko da motar za ta ƙara nauyi. A shekarar da ta biyo, 1970, Rindt ya rasu a cikin wata Lotus a filin Monza na Italiya, kuma shi kaɗai ne a tarihin Formula One aka naɗa zakaran duniya bayan mutuwarsa.

Waɗannan hujjoji gaskiya ne, amma a lura da abin da kowacce take karewa: ƙarfin tashi, sauƙin tafiya, lokacin zagaye fili, kariya a karo. Babu wadda ta taɓa zancen da ke tsakanin taya da hannu. GT-R tana sauri ne saboda kwamfuta tana yanke shawara sau da yawa a cikin daƙiƙa guda a madadin direba; ya isa da wuri, amma wani ne ya yi rabin aikin. Darasin Rindt kuma gargaɗi ne a kan raunin ƙira. Elise ta nuna cewa sauƙi da ƙwari suna haɗuwa: gangar jikinta, wadda aka haɗa da sassan alminiyam da aka manne da gam na musamman, ba ta kai kilo 70 ba, kuma ta yi suna wajen tauri.

Idan an haɗa biyun

Akwai masu cewa zaɓin ma bai taso ba, tunda ana iya samun duka. Gaskiya ne, ana iya. Gordon Murray, injiniya haifaffen Afirka ta Kudu, ya tsara McLaren F1 a farkon shekarun 1990 da nauyin kusan kilo 1,140 da ƙarfin doki sama da 600, ba tare da mataimakin sitiyari ba. Bayan kusan shekara talatin ya sake fitowa da T.50, wadda ba ta kai tan ɗaya ba duk da injinta mai silinda 12. Abin lura shi ne, mutumin da ke da damar tara dawaki iya son ransa ya zaɓi ya kashe ƙoƙarinsa wajen ƙirga giram. Sai dai guda 100 kawai aka tsara ƙerawa na T.50, kowacce a kan fam miliyan biyu da ɗoriya. Ga sauran mutane zaɓin yana nan daram: da kuɗi daidai, ko a sayi ƙarfi ko a sayi sauƙi.

Filin tsere ya taɓa yanke irin wannan hukunci. A 1961 Jack Brabham ya kai wata ƙaramar Cooper mai inji a baya tseren Indianapolis na Amurka, inda manyan motoci masu inji a gaba ke mulki. Sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, suna wuce shi a miƙe, yana cin su a kwana, ya ƙare na tara. Shekara huɗu bayan haka, a 1965, Jim Clark ya lashe tseren da Lotus 38, yana kan gaba a zagaye 190 daga cikin 200. Tun daga ranar motar tsohon fasali ba ta sake cin wannan tsere ba.

Abin da ake shirin rasawa

Da a ce kasuwa tana ba kowane ɓangare haƙƙinsa, da wannan muhawara ta tsaya a hirar masu sha'awa. Amma ɓangare ɗaya yana ɓacewa. BMW M5 ta farko, ta tsakiyar shekarun 1980, tana da ƙarfin doki 286 da nauyin da bai kai tan ɗaya da rabi ba. Wadda ta fito a 2024 tana da doki 727 da nauyin da ya haura kilo 2,400, saboda batir da injin lantarki da aka ƙara mata. Lotus kansa ya daina ƙera Elise a 2021, kuma yanzu, ƙarƙashin mallakar kamfanin Geely na ƙasar Sin, yana sayar da Eletre, babbar motar lantarki mai kusan tan biyu da rabi, nauyin Elise uku da saura.

Wasu dalilan na halal ne. Dokokin kare rayuka sun bukaci ƙarfafa jikin mota da ƙara na'urori, batir kuma nauyi gare shi. Amma akwai dalilin da ya fi waɗannan sauƙin gyarawa: ƙarfi yana da lamba, jin daɗi ba shi da ita. Doki 700 ana iya rubuta shi a allon talla, a faɗe shi a majalisa, kowa ya jinjina. Yadda sitiyari ke sassautawa a tsakiyar kwana ba ya shiga talla. Ƙara ƙarfi kuma ya yi arha a zamanin turbo da lantarki, yayin da cire kilo ɗari yake bukatar kayan aiki masu tsada da dubban ƙananan shawarwari da mai saye ba zai taɓa gani ba.

Duk da haka ƙofar ba ta rufe ba. Mazda ta ƙera MX-5 ta miliyan ɗaya a 2016, kuma zubinta na huɗu, wanda ya fito a 2015 da duk kayan kariya na zamani, ya dawo kusan tan ɗaya, kusa da inda aka fara a 1989. Alpine A110 ta Faransa, wadda aka dawo da ita a 2017, ta tsaya a kusan kilo 1,100 da ƙarfin doki 252. Caterham ma tana ci gaba da ƙera Seven, motar da Chapman ya fitar a 1957 kuma ya sayar mata da haƙƙinta a 1973. Waɗannan sun isa shaida cewa nauyin motocin yau zaɓi ne da aka yi, ba ƙaddara ce da ta sauko ba.

Kamfanoni suna ƙera abin da ake saya. Muddin tambayar farko da mai saye ke yi ita ce doki nawa ne, za su ci gaba da tara dawaki, da ƙarafan da za su ɗauke su, da kwamfutocin da za su riƙe musu linzami. Tambayar da ta fi cancanta a fara da ita ita ce kilo nawa ne, sannan a nemi hanya mai kwana a gwada. Ƙaramin goro, in ji masu iya magana, ya fi babban dutse, kuma wanda ya taɓa shan kwana ɗaya a motar da ke gaya masa gaskiya ta tafin hannu zai san dalili.